Yadda ake daidaita hoton kwamfutar tafi-da-gidanka a kan talabijin na bango

A ofisoshin gwamnati da dama, babban talabijin da aka kafe a bangon ɗakin taro ya maye gurbin majigi. A manyan shaguna ma haka abin yake, inda ɗan kasuwa kan haɗa kwamfutarsa da talabijin domin nuna wa masu saye samfurin atamfa ko leshi ko tayil da bai riga ya iso ba. Haɗa na'urorin biyu ba ya ɗaukar minti guda. Wahalar tana biyo baya, lokacin da hoton ya fito ba yadda ake so ba: fuskoki sun baje kamar an danne su, ko baƙin fili ya zauna dama da hagu, ko kuma gefen hoton ya shige cikin bakin talabijin har agogon da ke ƙasa ya ɓace. Jami'in da ke gabatar da kasafin kuɗi zai iya waiwayawa ya tarar layin ƙarshe na jadawalinsa, wanda jimilla take ciki, bai fito ba. Mai sayar da yadi kuwa, idan zanen da'ira ya koma kamar ƙwai a allo, ya nuna wa abokin ciniki abin da ba shi zai karɓa ba.

Kusan duk waɗannan matsaloli na saiti ne, kuma ana warware su ba tare da an sayi komai ba, muddin an gane inda kowacce ta samo asali. Wurare huɗu ne abin ke iya karkacewa: waya, saitin kwamfuta, saitin talabijin, da shi kansa fim ko takardar da ake nunawa.

Fasalin allo

Kowane allo yana da ma'auni tsakanin faɗinsa da tsayinsa. Tsohon talabijin mai ƙeya, irin wanda aka kalli tashar Ibadan da shi tun 1959 da ta Kaduna tun 1962, ma'auninsa 4:3 ne, wato in faɗi ya kai kamu huɗu, tsayi kamu uku ne. Gidajen sinima sun bar wannan fasali tun a shekarun 1950, lokacin da talabijin ya fara ɗauke musu 'yan kallo. A 1953 aka fito da tsarin CinemaScope mai faɗi sosai, kuma har yau manyan finafinai suna fitowa da ma'aunin da ya kai 2.39:1 ko 1.85:1. Da aka zo tsara talabijin na zamani, wani injiniya Ba'amurke mai suna Kerns Powers ya ba da shawara a 1984 cewa a ɗauki 16:9, domin yana tsaka-tsaki tsakanin tsohon talabijin da allon sinima. Shi ne fasalin kusan duk talabijin na bango da ke kasuwa a yau. Mai inci 43, alal misali, faɗinsa kusan santimita 95 ne, tsayinsa kusan 54.

Kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su bi hanya ɗaya ba. Da yawa daga cikinsu 16:9 ne, amma akwai masu 16:10, kamar yawancin MacBook da sababbin kwamfutocin ofis, akwai kuma masu 3:2 kamar Surface na Microsoft. Idan hoto mai fasali ɗaya ya sauka a allo mai wani fasalin, abu uku kawai ake iya yi da shi: a bar baƙin fili a gefe, a ja shi har ya cika, ko a ƙara girmansa a yanke abin da ya yi saura.

Lissafin yana nuna girman ɓarnar. Hoton 4:3 a kan talabijin mai ɗigo 1920 a faɗi yana cin ɗigo 1440 ne kawai, ya bar 240 a kowane gefe. In aka ja shi ya cika allo, komai ya ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku, abin da ya sa siririn mutum ke komawa ƙato. Hoton 16:10 yana cin ɗigo 1728, ya bar 96 a kowane gefe, kuma jan sa yana ƙara faɗi da kusan kashi 11 cikin 100. Wannan na biyun ya fi yaudara, domin ido yakan saba da shi ba tare da ya lura ba. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce a buɗe wani abu da aka san zagayayye ne, kamar tambarin Chrome ko hoton ƙwallo, a auna faɗinsa da tsayinsa a jikin talabijin da tef ɗin tela. In awon biyu bai zo ɗaya ba, an ja hoton.

Yawan ɗigo da gaisuwar na'urori

Hoton allo tarin ƙananan ɗigo ne masu haske, waɗanda masana ke kira fiksel. Talabijin na bango yana da adadi tsayayye da aka ƙera shi da shi, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Wanda aka rubuta wa Full HD yana da 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, jimilla ɗigo 2,073,600. Wanda ake kira 4K yana da 3840 da 2160, ninki huɗu ke nan. Ƙananan talabijin masu inci 32, waɗanda suka fi yawa a shaguna da ɗakunan kwana, galibinsu 1366 da 768 ne, kuma a kwalinsu akan ga HD Ready. Hoto ya fi fitowa tangaran idan kwamfuta ta aika da daidai adadin da allon yake da shi, kowane ɗigo ya faɗa gurbinsa. Duk wani adadi daban sai talabijin ya miƙe shi ko ya matse shi, kuma a nan rubutu ke yin dishi-dishi.

A ƙa'ida ba sai mutum ya san waɗannan lambobi ba. Da zarar an soka waya, talabijin yakan aika wa kwamfuta ɗan taƙaitaccen bayani game da kansa: sunansa, girmansa, da nau'o'in hoton da yake iya karɓa. Ana kiran wannan bayani EDID, kuma ƙungiyar VESA ce ta tsara shi. Idan gaisuwar ta tafi daidai, kwamfuta takan zaɓi abin da ya dace da kanta. Idan wani abu ya shiga tsakani, kamar waya maras kyau ko adafta mai arha ko akwatin raba hoto zuwa allo biyu, bayanin ba ya isa, sai kwamfuta ta koma kan tsohon ma'auni da ta tabbata kowane allo zai karɓa, yawanci 1024 da 768. Wannan kuwa 4:3 ne. Duk wanda ya ga jerin zaɓinsa ya tsaya a 1024 da 768 babu wani mai faɗi a ciki, to ya fara zargin waya kafin ya zargi talabijin.

Akwai wata dabara ta ƙananan talabijin da ya kamata a sani. Da yawa daga cikin masu 1366 da 768 suna gaya wa kwamfuta cewa suna karɓar 1920 da 1080. Ba ƙarya suka yi ba, suna karɓa, amma sai su matse hoton ya shiga allon da ɗigonsa bai wuce kusan rabin haka ba. Ga fim babu laifi. Ga jadawalin Excel mai ƙananan lambobi, 3 da 8 sukan yi kama da juna. A irin wannan talabijin a gwada 1366 da 768, ko 1360 da 768, a kwatanta da ido.

Waya da kafa

HDMI ita ce hanya mafi dacewa. An fito da ita a ƙarshen 2002, tana ɗaukar hoto da sauti a waya guda, kuma saƙonta na lambobi ne, saboda haka ba ya dusashewa a hankali: ko ya iso lafiya, ko a ga ƙyalli da ɗaukewar hoto. Nau'inta yana da tasiri ga masu talabijin 4K. HDMI 1.4 na 2009 yana kai hoton 4K sau 30 kacal a daƙiƙa, abin da ke sa linzamin kwamfuta ya riƙa tafiya da ƙyar. Sai daga HDMI 2.0 na 2013 ake samun sau 60. Tsofaffin kwamfutoci da yawa kafarsu 1.4 ce, kuma babu wayar da za ta sauya wannan komai tsadarta. Mafita ga mai irin wannan kwamfuta ita ce ya aika da 1920 da 1080 a sau 60. Da yake 4K ninki biyu ne daidai a faɗi da tsayi, hoton yakan fito da kyau, fasalinsa kuma ba ya karkacewa.

Batun tsada kuwa, waya mai mita biyu ko uku da aka yi da kyau ta wadatar, kuma ruwan zinaren da ke bakinta ba ya ƙara wa hoto komai. Tsawo ne ke kawo cikas. In ɗakin taro yana buƙatar fiye da mita goma, gara a nemi wayar da ke da na'urar ƙarfafa saƙo a cikinta, a kuma lura cewa irin wannan tana da kai da gindi: an rubuta ɓangaren da ke shiga kwamfuta da wanda ke shiga talabijin, in aka juya ta ba za ta yi aiki ba.

VGA, mai shuɗin kai da ƙananan ƙusoshi 15, kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, kuma har yanzu tana nan a tsofaffin kwamfutocin ofis. Ba ta ɗaukar sauti, sai an haɗa da wata siririyar waya daga kafar abin sauraro. Biyu daga cikin ƙusoshinta, na 12 da na 15, su ne ke ɗaukar waccan gaisuwa ta EDID, kuma wasu wayoyi masu arha ba a ma haɗa su a ciki ba. Talabijin da yawa kuma ba sa karɓar cikakken yawan ɗigonsu ta wannan kafa. Idan hoton VGA ya goce gefe guda ko rubutu yana rawa, a nemi zaɓin Auto Adjust a saitin talabijin, wanda kan daidaita shi cikin daƙiƙoƙi.

Sababbin kwamfutoci sirara sukan zo da USB-C kaɗai. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗin adafta, domin ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Wasu na caji da ɗaukar bayanai ne kawai. A duba gefen kafar: alamar walƙiya ta Thunderbolt ko harafin D na DisplayPort na nuna tana fitarwa, in babu alama sai a duba bayanin samfurin a shafin kamfanin kafin a saya. Haka nan adaftar da ke mayar da HDMI zuwa VGA ba ta yin akasin haka, kowacce da alƙiblarta.

Gyara a cikin Windows

Mataki na farko shi ne danna maɓallin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito, kuma a nan rabin matsalar take. Duplicate yana nuna abu ɗaya a allon biyu, wanda ke tilasta wa Windows neman ma'aunin da dukansu za su iya ɗauka. Idan kwamfutar 1366 da 768 ce, abin da talabijin mai Full HD zai samu ke nan, ya miƙe shi. Idan 16:10 ce, dole ɗaya daga cikin allon biyu ya yi baƙin gefe. Wannan shi ne zaɓin da Windows kan fara da shi, shi ya sa mutane ke zaton haka abin yake.

Extend yana mayar da talabijin allo na biyu mai cin gashin kansa, kowanne da nasa ma'aunin. Second screen only yana kashe allon kwamfuta ya bar talabijin kaɗai. Duk wanda ke son hoto ya cika talabijin ba tare da an ja shi ba, ɗaya daga cikin waɗannan biyun zai ɗauka. Ga mai gabatar da jawabi Extend ya fi, domin PowerPoint kan nuna shafin a talabijin, ya bar masa bayanansa da shafi na gaba a gabansa. Yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: saƙon da ya shigo wa mutum a WhatsApp ko imel ba zai bayyana a gaban shugabanninsa ba.

Daga nan sai a danna dama a kan fuskar kwamfuta a shiga Display settings. Za a ga akwatuna biyu masu lamba 1 da 2. Wajibi ne a fara danna wanda ke wakiltar talabijin, in ba haka ba duk gyaran da aka yi a kan allon kwamfutar zai faɗa. A ƙarƙashin Display resolution a zaɓi adadin da ya dace da talabijin, yawanci wanda aka rubuta wa Recommended. Windows kan ba da daƙiƙa 15 a amince, in ba a taɓa komai ba ta koma yadda take, saboda haka babu abin tsoro ko da allon ya yi baƙi.

Kada a rikita wannan da zaɓin Scale da ke kusa da shi. Shi girman rubutu da gumaka yake sauyawa, ba ya taɓa fasalin hoto. Idan na bayan ɗaki ba sa iya karanta abin da ke allo, a ɗaga shi zuwa 150 ko 200 cikin 100, a bar yawan ɗigon yadda yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne rage yawan ɗigo domin rubutu ya yi girma, wanda ke jefa mutum cikin 4:3 ba tare da ya sani ba.

Gefen da talabijin ke cinyewa

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaure wa mutane kai, domin a kwamfuta komai daidai yake, amma layin ƙasa na Windows ya nutse, maɓallin rufe shafi ya ɓace a kusurwa. Gado ne daga zamanin talabijin mai ƙeya. A wancan lokaci gefen hoton da tashoshi ke watsawa ba ya da tsabta, kuma girman hoto yakan ɗan motsa idan wuta ta yi sama ko ƙasa. Sai masu ƙera talabijin suka riƙa ƙara girman hoton kaɗan domin gefen ya ɓuya a bayan firam, tashoshi kuma suka saba da ajiye rubutu nesa da baki. Sunan wannan dabara overscan. Talabijin na bango ba ya buƙatarta, amma da yawa sun zo da ita a kunne, suna yanke 'yan kashi kaɗan cikin ɗari daga kowane gefe. A wasan ƙwallo ba wanda zai lura. A kwamfuta kuwa, muhimman abubuwa a gefe suke zaune.

Maganin yana cikin rimot, kuma kowane kamfani da sunan da ya ba shi. A LG ana kiran sa Just Scan, a cikin saitin Aspect Ratio. A Samsung yana ƙarƙashin Picture Size, tsofaffi na cewa Screen Fit, sababbi Fit to Screen. Sony na cewa Full Pixel, Sharp na cewa Dot by Dot, Panasonic kuma yana da zaɓin overscan da ake kashewa kai tsaye. A sauran samfura a nemi kalma mai kama da waɗannan, ko 1:1, ko PC. Abin da za a guje wa shi ne duk zaɓin da ke da Zoom ko Wide ko Panorama a sunansa. Zaɓin da aka rubuta wa 16:9 kawai ma, a talabijin da dama, yana tare da yankan gefe. Saitin na kowace kafa daban ne, saboda haka wanda aka yi wa HDMI 1 bai shafi HDMI 2 ba.

Akwai gajeriyar hanya a Samsung da LG. Idan aka shiga jerin kafofin shigar hoto aka sauya sunan ko alamar kafar da kwamfuta take zuwa PC, talabijin yakan daina yanke gefe, ya kashe yawancin kwalliyar da yake yi wa hoto, ya kuma nuna launin kowane ɗigo cikakke. Bambancin ya fi fitowa a jan rubutu ko shuɗi a kan baƙin fili. A tsofaffin samfura, kafa ɗaya ce aka tanada domin wannan, wadda aka rubuta wa HDMI/DVI ko PC a bayan talabijin.

Idan talabijin ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai a koma ga kwamfuta ta rage girman hoton da kanta. Manhajar Intel Graphics Command Center tana da zaɓin Custom a ƙarƙashin Scale, inda ake jan ma'auni har gefen ya dawo. A NVIDIA Control Panel yana cikin Adjust desktop size and position, a manhajar AMD kuma sunansa HDMI Scaling. Wannan mafita ce ta dole, domin kwamfuta ta matse hoto, talabijin ya sake miƙe shi, rubutu ba zai yi kaifi kamar da ba. A waɗannan manhajoji ne kuma ake gaya wa kwamfuta abin da za ta yi idan fasali bai zo ɗaya ba, kuma zaɓin kiyaye fasali, Maintain Aspect Ratio a Intel, shi ne na ƙwarai.

Wanda ya nemi waɗannan manhajoji bai same su ba, ya duba Device Manager a ƙarƙashin Display adapters. In ya ga Microsoft Basic Display Adapter, to kwamfutar ba ta da direban sashen hotonta. Hakan yakan faru da kwamfutocin hannu da aka goge aka sake zuba musu Windows a gurguje. Da wannan direba na wucin gadi, kwamfuta ba ta cika ganin talabijin ba sam, ko ta ba da ma'auni kaɗan. Sai a sauko da na ainihi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Masu MacBook za su shiga System Settings, sannan Displays. A nan ake zaɓar ko talabijin ya zama madubin allon kwamfuta ko allo na biyu. In madubi ake so, a sa kwamfutar ta daidaita da talabijin maimakon allonta, sai baƙin gefen ya dawo kan kwamfuta inda ba ya damun kowa. Idan Mac ta gane talabijin aka haɗa, takan nuna zaɓin Overscan ko Underscan a wannan shafi.

Baƙin gefen da ba laifi ba ne

Bayan an gama duk wannan, wani zai kunna fim ya ga baƙin fili sama da ƙasa, ya ce ai gyara bai yi ba. Ya yi. Fim mai 2.39:1 ya fi talabijin faɗi, saboda haka a allo mai tsayin ɗigo 1080 yana cin kusan 800 ne, sauran ya zama baƙi. In aka matsa sai ya cika, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fim ɗin ya tafi, har a ga mutum yana magana da wanda ba ya cikin hoto. Tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset da faifan CD, tun daga Turmin Danya na 1990, an ɗauke su ne a 4:3, kuma baƙin fili dama da hagu shi ne daidai a gare su. Mutane da yawa suna jin kamar an cuce su idan sun sayi babban talabijin wani sashe nasa yana zaune babu hoto. Ra'ayin marubucin nan shi ne baƙin gefe ya fi mutunci a kan fuskar jarumi da aka baje, amma rimot na hannun mai gida.

Wani lokaci fim ɗin ne aka adana shi a karkace, musamman wanda aka kwafo daga DVD, inda ake matse hoto mai faɗi a cikin firam na 720 da 576 da sa ran na'urar kunnawa za ta buɗe shi. Alamarsa ita ce mutane su yi tsayi su rame. A manhajar VLC, danna harafin A yana zagaya ma'aunai daban-daban har a kai ga 16:9, harafin C kuma yana yanke gefe.

Ga ma'aikata, PowerPoint ne ya fi kawo wannan. Tun daga nau'in 2013 sabon shafi yana buɗewa a 16:9, amma tsofaffin samfuran da ake gada daga wanda ya riƙe kujera a baya 4:3 ne. Ana sauyawa a Design, sannan Slide Size. A yi wannan tun a ofis, ba a ɗakin taro ba, domin hotuna da jadawali sukan goce bayan sauyin, har tambarin ma'aikata ya buƙaci a mayar da shi wurinsa.

Launi da sauti

Idan baƙi ya koma toka-toka, ko kuma wurare masu duhu sun haɗe ba a ganin komai, to na'urorin biyu ba su yarda da juna kan iyakar haske ba. Kwamfuta tana ƙirgawa daga 0 zuwa 255, talabijin kuma ya saba da 16 zuwa 235. A saitin talabijin a nemi Black Level ko HDMI Black Level a gwada ɗaya zaɓin. A rage Sharpness sosai, domin shi ne ke sa wa haruffa farin gefe. In linzami yana jinkirin bin hannu, a kunna Game Mode. Masu talabijin 4K su sani cewa sau da yawa sai an kunna wani zaɓi kafin kafar ta karɓi cikakken saƙo: Input Signal Plus a sababbin Samsung, HDMI Ultra HD Deep Colour a LG, Enhanced format a Sony.

Sauti kuwa, in ya ci gaba da fita ta kwamfuta, a danna alamar lasifika kusa da agogo a zaɓi sunan talabijin.

A kasuwanninmu kowane talabijin na bango "filasma" ake ce masa, alhali manyan kamfanoni sun daina ƙera ainihin filasma tun wajen 2014. Bambancin yana da amfani a nan: filasma ta gaske da allon OLED suna iya riƙe inuwar abin da ya daɗe a wuri guda, kamar layin ƙasa na Windows ko jadawalin farashi da shago ke bari tun safe har dare. Masu irin waɗannan su sa layin ya riƙa ɓuya da kansa, su kuma riƙa sauya abin da ke allo.

Wuta

Gidaje da shaguna da yawa ba su da wayar ƙasa mai kyau a soket, kuma ana yawan sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da imbata. Idan talabijin yana kan wata wuta, cajar kwamfuta tana kan wata, ana iya samun bambancin ƙarfi tsakanin jikin na'urorin biyu, kuma wayar hoto ce ke haɗa su. A VGA hakan yakan fito a matsayin layuka masu hawa a hankali ko rawar hoto, waɗanda kan ɓace da zarar an zare caja. A HDMI abin ya fi haɗari, domin ɗan tartsatsi a lokacin sokawa yana iya ƙona kafar, kuma gyaranta a kwamfuta aiki ne na kan babban allon cikinta. A jona na'urorin biyu a soket ɗaya mai kariya daga hauhawar wuta, a soka wayar HDMI kafin a kunna talabijin, a kuma zare ta idan hadari ya taso, musamman in talabijin ɗin yana haɗe da dikoda mai faranti a kan rufi.

Wanda yake son rufe kwamfutar ya bar talabijin yana aiki zai shiga Control Panel, sannan Power Options, ya zaɓi abin da rufe murfi zai yi, ya mayar da shi Do nothing. A lokacin zafi gara a bar murfin a ɗan buɗe, domin wasu kwamfutoci ta wajen madannai da gindin allo suke fitar da zafinsu, kuma kada a ɗora ta a kan kujera mai laushi ko darduma inda iska ba za ta shiga ta ƙasa ba.